Idan Allah Ƙauna Ne, Me Za Mu Ce Game da Wutar da Ba Ta Ƙarewa?

Kwanakin baya mahaifin wata 'yar'uwa a ikilisiyarmu ya rasu a wani ƙauye da ke wajen Boɗinga. Musulmi ne, kamar sauran danginta, ita kaɗai ce Kirista a gidan. Muka cika mota muka tafi gaisuwa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura, ƙannen mamacin suka yi ta godiya har suka rako mu bakin mota.

Ba mu yi nisa ba a hanyar dawowa Sakkwato sai wani dattijo a cikinmu ya girgiza kai ya ce, "Abin tausayi. Mutumin kirki, amma ya makara. Yanzu haka yana cikin wuta, kuma babu ranar fita."

Na ce, "Baba, wa ya shaida mana haka?"

Ya ce, "Ɗana, ba ni na faɗa ba. Littafi ne ya faɗa."

Matar da ke zaune kusa da ni, wadda ita ma uwarta ba ta rasu tana Kirista ba, ta juya fuskarta waje. Har muka shigo gari ba ta ce uffan ba.

Ni Kirista ne, kuma a kan addinina kaɗai nake magana. Abin da maƙwabtanmu Musulmi suka gaskata game da lahira, malamansu ne suka cancanci yin bayaninsa. Na gaskata akwai ranar shari'a. Na gaskata mugu ba zai sha ba. Amma ban yarda cewa Allahn da Yesu ya koya mana mu kira Uba zai riƙe ɗan Adam da rai a cikin azaba har abada abadin ba, azabar da ba ta gyara shi, ba ta kuma ƙarasa shi. Wannan koyarwa ba ta jitu da halin Allah yadda Almasihu ya nuna mana shi ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai tilasta mana ita yadda ake gaya mana ba.

Mu tsaya mu ji abin da bakinmu ke faɗa

Mun saba da maganar har ta daina girgiza mu. Ana yin ta a taron falkaswa, ana yin ta a makarantar Lahadi gaban yara ƙanana. Mai wa'azi zai ce bayan shekara miliyan dubu azabar ba ta ma soma ba, jama'a su amsa da amin, a tashi a tafi cin abinci.

A watan Disamban 2021 'yan bindiga suka tare motar fasinja a yankin Sabon Birni, suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Fiye da mutum 20 suka ƙone, har da mata da yara. Babu wanda ya jira malami ko fasto ya bayyana masa cewa wannan mugunta ce. Kowa ya ji ta a jikinsa. Azabar waɗancan bayin Allah mintoci ta ɗauka. Abin da muke koyarwa kuwa shi ne Allah zai yi wa yawancin 'yan Adam irin wannan, ya kuma hana su mutuwa don kada abin ya ƙare. Ban ga yadda aiki ɗaya zai zama ta'addanci a hannun mutum ya kuma zama adalci a hannun Allah ba.

Za a ce mini tunanin Allah ba irin namu ba ne. Gaskiya ne, Ishaya 55 ta faɗi haka. Amma a karanta ayar da ta gabaci wannan magana. Kira take yi ga mugu ya juyo, domin Allah mai yawan gafara ne. Abin da annabin ke nufi shi ne jinƙan Allah ya fi namu nisa, kamar yadda sama ta yi wa ƙasa nisa. Mu kuma muka ɗauki ayar muna kāre zafin da ko mu ba za mu iya yi wa maƙiyinmu ba.

Yesu da kansa ya ba mu izinin auna Allah da mafi kyawun abin da ke cikinmu. A Matiyu 7 ya ce idan ku da kuke miyagu kun san ba 'ya'yanku kyawawan abubuwa, balle Ubanku na sama. A Luka 6 ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu domin mu yi kama da Maɗaukaki, wanda ke yi wa marasa godiya da miyagu alheri. Da wuya a ce ya umarce mu mu gafarta sau saba'in har bakwai, shi kuma ya riƙe fushi ba iyaka.

Akwai wani nassi da ba a cika karanta mana ba. A kudancin Urushalima akwai Kwarin Hinnom, wurin da Yesu ke ambata idan yana gargaɗi game da hukunci. A wannan kwari ne mutanen Yahuza suka taɓa ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka. A Irmiya 7:31 Allah ya ce wannan abu bai umarta ba, bai ma taɓa shiga zuciyarsa ba.

"Ai Littafi ne ya faɗa"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Nassosin suna nan. Matiyu 25:46 ta yi maganar madawwamin hukunci. Markus 9 ta yi maganar tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba a kashewa. Wahayin Yahaya 14:11 ta ce hayaƙin azabarsu yana tashi har abada. Duk wanda ya ce babu waɗannan a Littafi, bai karanta ba.

Sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa inda aka ɗauko su. Maganar tsutsa da wuta daga ayar ƙarshe ta Ishaya ta fito, 66:24, kuma abin da ake kallo a wurin gawawwaki ne na waɗanda suka tayar wa Allah. Gawa ba ta jin zafi. Tsutsa da wuta suna cinye ta ne, babu mai iya tsayar da su sai sun gama. Hayaƙin da ke tashi har abada kuma, Ishaya 34:10 ta yi wa ƙasar Edom irin wannan magana. Ƙasar tana nan a kudancin Jodan ta yau, babu hayaƙin da ke tashi. Abin da ya dawwama shi ne rushewarta. Wasiƙar Yahuza ta ce Saduma da Gwamrata sun zama misali na hukuncin madawwamiyar wuta, Bitrus kuma a wasiƙarsa ta biyu ya ce toka suka zama. Idan su ne misalin, to misalin ya nuna wutar da ta ci ta cinye, sakamakonta kuma ba ya juyawa.

Sa'an nan a ƙirga sauran nassosin, waɗanda muka haddace tun muna yara ba mu lura da abin da suke cewa ba. Yahaya 3:16 ta sa abu biyu gaba da gaba: hallaka da rai madawwami. Romawa 6:23 ta ce sakamakon zunubi mutuwa ne. A Matiyu 10:28 Yesu ya ce mu ji tsoron wanda ke da ikon hallaka rai da jiki duka. Malakai 4 ta ce miyagu za su zama kamar tattaka, ba za a bar musu saiwa ko reshe ba. Wahayi ma, da ta kawo tafkin wuta, ta ba shi suna da kanta: mutuwa ta biyu. A cikin tafkin har mutuwa da Hades, wato mazaunin matattu, aka jefa, kuma babu mai cewa mutuwa za ta yi ta kururuwa a ciki. Ana nufin ƙarshenta ya zo.

Ayar da ta fi wuya ita ce Wahayi 20:10, inda aka ce za a yi azaba dare da rana har abada. Amma waɗanda aka ambata a can Iblis ne da dabbar nan da annabin ƙarya, a cikin littafin da ke cike da ru'ya, mai dabba mai kai bakwai da ƙaho goma. Ba daidai ba ne mu ɗauki aya ɗaya daga littafin alamu mu murɗe ma'anar "mutuwa" da "hallaka" a duk sauran Littafi saboda ita.

Akwai kuma rukuni na uku na nassosi da muke tsallakewa da sauri. 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Kolosiyawa 1:20 ta ce ta wurin jinin gicciye zai sulhunta dukan abubuwa da kansa. 1 Korantiyawa 15 ta kai labarin har inda Allah zai zama kome cikin kome. Makoki 3:31 ta ce Ubangiji ba ya yashe mutum har abada. Idan akwai wani lungu na halitta inda biliyoyin mutane ke zagin Allah cikin azaba ba ranar dainawa, ta yaya ya zama kome cikin kome? Mugunta ba ta ƙare ba ke nan, an dai killace ta.

Wa Yesu ke yi wa gargaɗin?

A nan ne na fi jin nauyi, domin mun karkatar da gargaɗin daga kanmu muka nufi maƙwabta da shi.

A ɗauki Matiyu 25, nassin da aka fi jawowa. Sarki ya raba mutane dama da hagu. Bai tambayi kowa addininsa ba, bai tambayi katin baftisma ba. Ya ce na ji yunwa, na ji ƙishirwa, na zo baƙo, ina tsirara, ina ciwo, ina kurkuku. Waɗanda suka shiga mulkin ma mamaki suka yi, suna tambaya yaushe suka gan shi. A ɗauki Luka 16, labarin mai arziki da Li'azaru. Laifin mai arzikin ɗaya ne a labarin: matalauci na kwance a ƙofar gidansa, karnuka na lasar gyambunansa, shi kuwa yana shagali kowace rana. A Matiyu 23 kuma, waɗanda Yesu ya tambaya yadda za su tsere wa hukunci malaman Attaura ne da Farisiyawa, masu addini na zamaninsa. A Markus 9 da almajiransa yake magana.

Yau a Sakkwato, ka bi ta tasha ko bakin kasuwa ko kangayen da ba a gama ginawa ba, za ka ga mata da yara daga Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, waɗanda aka kora daga gonakinsu. Idan Matiyu 25 na da wani da take nunawa da yatsa a garin nan, to ni ne da kai da muke wucewa ta gabansu ranar Lahadi da kayan ado. Tsohon da ya ba baƙo fura a zaurensa ya fi mu kusa da hannun dama a ma'aunin wannan nassi. Ban ce na san makomar kowa ba. Na ce nassin da ake kafa hujja da shi bai faɗi abin da ake sa shi ya faɗa ba.

"Wanda ya mari sarki ba ɗaya yake da wanda ya mari talaka ba"

Haka ake bayyana mana dalilin rashin iyakar azabar. Zunubi laifi ne ga Allah marar iyaka, saboda haka hukuncinsa ma marar iyaka ne. Hujjar tsohuwa ce, malaman Turai na tsakiyar zamani irin su Toma Akwinas sun yi amfani da ita, kuma ta yi daidai da duniyar sarakuna da bayi da suka rayu a ciki.

Amma Attaura ba ta auna laifi haka ba. Ido a madadin ido, haƙori a madadin haƙori, doka ce ta taƙaita ramuwa don kada ta wuce laifin. Maimaitawar Shari'a 25 ta hana a yi wa mai laifi bulala fiye da 40, don kada a wulaƙanta ɗan'uwa. Allahn da ya sa wa bulala iyaka saboda mutuncin mai laifi, shi ne muke cewa ya cire iyaka gaba ɗaya. Ko a fadar sarki ma, idan jariri ya kai wa sarki hannu, girman sarkin ne ke sa ya yi haƙuri. Nauyin laifi yana bin sanin mai yin sa da niyyarsa. Yesu a kan gicciye da wannan ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ya ce ba su san abin da suke yi ba.

"Allah ba ya jefa kowa, mutum ne ke zaɓa"

Wannan amsa ta fi ta farko taushi, kuma ina girmama masu ba da ita. Katikizim, wato littafin koyarwar Cocin Katolika na 1992, ya bayyana gidan wuta a matsayin mutum ya ware kansa daga Allah da zaɓinsa, babbar azabar kuma ita ce rabuwar. A 1999 Fafaroma John Paul na Biyu ya ce abin ya fi zama yanayin da mai ƙin Allah ke ciki, ba wani wuri ba. Cocin Katolika na ayyana waliyyai, amma ba ta taɓa ayyana sunan wani mutum ta ce tabbas yana wuta ba. Da masu wa'azinmu za su tsaya ko a nan, da an sami sauƙi.

Duk da haka tambaya na nan. Zaɓi yana bukatar sani. Kakannina Maguzawa ne. Sun yi noma, sun yi aure, sun binne 'ya'ya, sun mutu ba wanda ya taɓa karanta musu aya ɗaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai a 1932 ya fito. Me suka zaɓa? Yaron da aka haifa a Gwadabawa da wanda aka haifa a Kagoro, babu wanda ya zaɓi cikin da ya ɗauke shi, kuma kusan kowannensu a addinin gidansu zai mutu. Idan makomar har abada ta rataya a kan wannan, to haihuwa ce ta yanke hukunci, ba zaɓi ba. Wani kuma ya ji sunan Yesu, amma daga bakin Kiristan da ya cuce shi a ciniki ko ya raina iyayensa ya ji. Abin da ya ƙi, shi ne Almasihu?

Bulus ya san da wannan matsala. A Romawa 2 ya yi maganar al'ummai da ba su da Shari'a amma suna aikata abin da take nema, lamirinsu na ba da shaida, kuma ya bar shari'arsu a hannun Allah mai sanin asirin zuciya. Ibrahim ma da ya tsaya yana roƙo saboda Saduma, a kan wannan ya dogara: mai shari'ar dukan duniya ba zai yi abin da ke daidai ba?

Sa'an nan ko da mutum ya ƙi Allah da saninsa, wa ke riƙe shi da rai? 1 Timoti 6:16 ta ce Allah kaɗai ne marar mutuwa. Rayuwa kyauta ce daga hannunsa kowace daƙiƙa. Wanda ya yanke kansa daga tushen rai, abin da ya kamata ya same shi mutuwa ne. Kafin ya dawwama a cikin azaba, sai Allah ya ci gaba da ba shi numfashi musamman domin ya sha wuya.

"To, masu kashe mutane fa, su tafi haka nan?"

A'a. Wanda ya je gaisuwa Goronyo bayan harin kasuwa na Oktoban 2021, inda aka kashe fiye da mutum 40, ba zai so addinin da babu hisabi a cikinsa ba. Ni ma ba na so. Talakan da kotu ba ta share masa hawaye ba, yana da hakkin ya sa zuciya cewa akwai wata kotu. Allahn da ba ya fushi da zalunci ba mai ƙauna ba ne.

Amma adalci ma'auni gare shi. Luka 12 ta ce bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi zai sha dūka da yawa, wanda bai sani ba kuwa kaɗan. Wahayi 20 ta ce za a yi wa kowa shari'a gwargwadon aikinsa. "Kaɗan" da "gwargwado" ba su da ma'ana idan duka biyun ba su da ƙarshe.

Kuma a lura da abin da koyarwar da muka gāda ke cewa a kan motar Sabon Birni. Idan wanda ya kunna ashanar ya tuba a numfashinsa na ƙarshe, ya shiga Firdausi. Fasinjojin da ya ƙona kuwa, idan ba Kirista ba ne, daga wannan wuta sai wata da ba ta mutuwa. Ina farin ciki da alherin da ke karɓar mai tuba, ɓarawon da ke kan gicciye shaida ne. Amma kada wani ya ce mini wannan tsari saboda adalci ga waɗanda aka zalunta aka kafa shi. Su ne ya fi cuta.

Ka je Maƙera Assada ka tsaya wajen maƙeri. Wutarsa aiki take yi: ko ta tausasa ƙarfe a fitar da garma, ko ta cinye gawayi ya zama toka. Wutar Allah a Littafi ma haka take. A Malakai 3 tana tace azurfa, a Malakai 4 tana cinye tattaka. Wutar da ake yi mana wa'azinta ce kaɗai ba ta tacewa, ba ta cinyewa, sai azaba don azaba.

Abin da na karanta na kuma tsaya a kai shi ne: kowa zai tashi ya tsaya gaban Almasihu, kowa zai amsa gwargwadon abin da ya sani da abin da ya aikata, wanda ya manne wa mugunta har ƙarshe kuma ƙarshensa mutuwa ta biyu ce. Bayan haka ina sa zuciya, ina kuma addu'a, cewa jinin gicciye zai kai inda iyakokinmu ba su kai ba.

Tambayar ta girme mu duka

Da zarar ka ta da wannan magana sai a ce ka sha littattafan Turawa marasa bangaskiya. Tarihin ikilisiya bai goyi bayan wannan zargi ba. Orijin na Iskandariya, a Masar, ya koyar a ƙarni na uku cewa hukuncin Allah na gyara ne. An la'anci wasu koyarwar da aka danganta masa a 543 da 553, wannan gaskiya ne. Amma Giregori na Nisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta a fili cewa mugunta za ta ƙare kuma Allah zai maido da halittarsa. Yana cikin bishof-bishof na taron 381 da ya kammala Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, kuma har yau Katolika da Otodoks waliyyi suke kiransa.

Wanda ya kafa azabar har abada da ƙarfi a ikilisiyar Yamma ɗan Afirka ne, Agustin, bishof na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430. Shi da kansa ya rubuta cewa Kirista da yawa a zamaninsa ba su yarda da ita ba. Ya bi tunaninsa har inda ya kai shi, ya ce jariran da suka mutu ba baftisma ma suna ƙarƙashin hukunci, ko da yake mafi sauƙi. A 2007 hukumar malaman tauhidi ta Batikan ta ce akwai dalilin sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai. Babban malami na iya yin kuskure a wuri ɗaya, ikilisiya ta gane daga baya.

Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da ta Nikiya, waɗanda muke karantawa a sujada, sun ce zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, sun ambaci tashin matattu da rai na har abada. Ba su ce kome a kan tsawon azaba ba. Ta uku, wadda ake jingina wa Atanasiyas, ita ce ta ambaci madawwamiyar wuta, kuma daga baya ta zo.

A zamaninmu ma, John Stott, limamin Angilika na Landan da ya jagoranci rubuta Alkawarin Lozan na 1974, wato sanarwar bangaskiya ta masu bishara na duniya, wanda asusun da ya kafa ya taimaki fastocin Afirka da littattafai da karatu, ya bayyana a 1988 cewa ya fi karkata ga cewa marasa tuba hallaka za su yi a ƙarshe. An yi masa ca, amma ba wanda zai ce bai ɗauki Littafi da daraja ba. A 2000 Ƙungiyar Masu Bishara ta Birtaniya ta fitar da rahoto ta amince cewa wannan ra'ayi yana cikin da'irar masu bishara, ko da yake ba shi ne na rinjaye ba.

"Idan babu wutar har abada, wa zai yi bishara?"

Na san inda wannan tsoro ya fito. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ikilisiyar ECWA, ya rubuta kafin rasuwarsa a 1975 yana gargaɗin ikilisiyar Afirka game da koyarwar da ke cewa duk hanyoyi ɗaya ne. Tasirinsa na nan a makarantun Baibul na Arewa. Ina girmama shi, kuma ni ban ce duk hanyoyi ɗaya ba ne. Duk wanda zai sami ceto, ta wurin Almasihu zai samu. Tambayata a kan halin mai shari'ar ne da tsawon hukuncinsa.

Za a tuna mini cewa 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka iso tare da Rowland Bingham a 1893, sun mutu a ƙasar nan cikin shekara guda saboda sun gaskata mutane na hallaka. Haka ne. Amma abin da ya buɗe wa mishan ƙofa a ƙasar Sakkwato shi ne wanke gyambon kutare a Amanawa tun shekarun 1930. Bulus ya ce ƙaunar Almasihu ce ke tura shi. A duba wa'azin manzanni a Ayyukan Manzanni daga farko har ƙarshe: sun yi shelar tashin Yesu, sun yi kiran tuba, sun ambaci ranar shari'a, amma babu inda suka zana wa jama'a tafkin wuta don su tsorata su.

Mu kuwa me tsoron ya haifar mana? Bidiyoyi na yawo a WhatsApp na mutanen da suka ce an kai su gidan wuta sun dawo, sun ga mata na ƙonewa saboda 'yan kunne da ƙarin gashi. Yara na kwana da fargaba ko sun manta wani zunubi ba su furta ba. Sabbin masu bi, waɗanda suka riga suka rasa dangi saboda bangaskiya, muna ƙara musu da cewa iyayen da suka shayar da su suna ƙonewa, sa'an nan mu ce su yi waƙar murna. An ma taɓa koyarwa, har a littattafan Akwinas, cewa masu ceto za su ga azabar hallakakku, farin cikinsu ya ƙaru. Bulus bai san irin wannan zuciya ba. A Romawa 9 ya ce da ma shi a la'ance shi saboda danginsa. Musa ma a Fitowa 32 ya ce in ba za a gafarta wa jama'arsa ba, a shafe sunansa daga littafin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a nan, inda muke 'yan tsiraru. Mai shagon da ke ba ka bashi, direban da ke kai 'ya'yanka makaranta, maƙwabciyar da ta zauna da matarka ranar haihuwa, kusan duk Musulmi ne. Idan kowace Lahadi ana koya maka ka gan su a matsayin itacen wuta, ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko zuciyarka ta ƙeƙashe, ko ka daina gaskata abin da kake faɗa ba tare da ka furta ba. Yawancinmu na biyun muka yi. Shi ya sa muke iya cewa amin mu tafi cin abinci.

Ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya su daina yanke wa mamaci hukunci da suna, a gidan gaisuwa ko a hanyar dawowa, domin ba a ba kowa wannan kujera ba. Malaman makarantar Lahadi su ajiye hotunan mutane cikin harshen wuta, su koya wa yara Luka 15, inda makiyayi ke neman tunkiyar da ta ɓata har sai ya same ta. Makarantun Baibul kuma su sa Giregori da Stott a cikin darasi tare da Agustin da Kato, su buɗe Ishaya 66 kusa da Markus 9, su bar ɗalibi ya yi tambaya ba tare da an kai sunansa gaban kwamitin horo ba.